Kuza ta tafi Landan, ramuka sun zauna a Bukuru

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau daga bakin kududdufi zai fara.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Bukuru zuwa Barkin Ladi ya san su: manyan ramuka cike da ruwa, ga tarin jar ƙasa a gefe kamar ƙananan duwatsu. Baƙo yakan ɗauka halitta ce. Aikin hannun mutum ne. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a wannan tsauni na Filato, aka shimfiɗa dogo daga Zariya domin kwashe ta, garin Jos kansa ya bunƙasa a kanta. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka tattaro dubban mutane daga lardunan Arewa aka kawo su aikin dole, da yawa sanyi da cuta suka halaka su. A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, ragowar manyan kamfanoni suka naɗe tabarmarsu.

To, a duba lissafin cinikin nan. Mai saye a Landan ya biya kuɗin inji, ya biya ladan lebura komai ƙanƙantarsa, ya biya kuɗin jirgi da harajin gwamnati. Mai sayarwa ya karɓa, kowa ya tashi yana murna. Amma ina layin da aka rubuta kuɗin gonar da ta zama rami har abada? Ina aka rubuta yaron da zai je wanka bayan shekara arba'in ya nutse, ko saniyar da za ta zame ta faɗa? Babu. Waɗannan ba su halarci cinikin ba, ba a tambaye su ba, amma su ne ke biyan cikon kuɗin har yau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da wannan giɓi. A 1920 wani malami a Jami'ar Kambirij, Arthur Pigou, ya kawo misalin tartsatsin wutar jirgin ƙasa da ke ƙona dajin da ke gefen dogo, alhali kamfanin jirgin ba ya biyan ko kwabo. Abin da ya nuna shi ne, duk sa'ad da wani ɓangare na kuɗin abu ya faɗa kan wanda ba ya cikin ciniki, farashi ya yi ƙarya. Abin sai ya yi araha fiye da gaskiyarsa, kuma abin da ya yi araha, yin sa ake fiye da ƙima. Wannan shi ake kira gazawar kasuwa.

Kada a ce muna zagin kasuwa. Je ka kasuwar Farin Gada a Jos da sassafe ka ga yadda kwandon tumatir ke samun farashinsa ba tare da wani jami'i ya sa baki ba. Mai kaya na nan, mai saye na nan, dillali na tsakani, kowa na kare aljihunsa. Kasuwa gwana ce idan duk wanda abin ya shafa yana wurin. Inda take makancewa shi ne wajen mutum na uku.

Kuma mutum na ukun nan yana cikin unguwanninmu yau, ba sai an koma zamanin Turawa ba. Mai injin niƙa ya tayar da janareto tun asuba, ya ci ribarsa, tsohuwar da ke bayan katanga ta sha hayaƙi, ta sayi maganin tari da kuɗinta. Mai sayen ruwan leda ya biya kuɗin ruwa, ya jefar da ledar a kwata, kwata ta kai ta rafin Dilimi da ya ratsa Jos. Mutanen Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ba su manta da watan Yulin 2012 ba, lokacin da ambaliya ta ci gomman rayuka cikin dare. Ruwan sama daga Allah ne, haka ne. Amma magudanar da shara ta toshe, da ginin da aka dasa a kan hanyar ruwa, kowanne wani ne ya sami sauƙi, wani ya biya.

Akwai wani abin mamaki da adalci ya sa a faɗa. Kududdufan nan da ke cin rai, su ne kuma ke shayar da noman rani. Kabeji da karas da latas da ake lodawa zuwa Abuja, da yawansu da ruwan tsofaffin ramukan kuza aka yi musu ban ruwa. Babu kamfanin da ya yi niyyar haka, babu wanda ya biya shi. Wato alheri ma yakan tsallaka katanga. Sai dai shi alherin da ba a biya, ƙaranci yake yi. Wanda ya cike rami ko ya dasa itace a bakin rafi, unguwa duka ke amfana, shi kaɗai ya kashe kuɗi. Shi ya sa masu haƙa suka fi masu cikewa yawa.

Me za a yi? Idan mutum biyu ne ko uku, sulhu ya isa. Maƙwabta sukan zauna gaban mai unguwa a ce janareto ya mutu ƙarfe goma na dare, ko a ɗaga bututun hayaƙi sama. Hadisin nan da ya ce babu cuta babu cutarwa ya riga Pigou da ƙarnuka. Amma wa zai zauna sulhu a madadin yaron da ba a haifa ba tukuna? Nan ne aikin hukuma.

Doka kuwa akwai ta. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi asusun kare muhalli da gyara wuraren da aka haƙa, kuma a wannan shekarar aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Matsalar ita ce ma'adinai na hannun gwamnatin tarayya: a Abuja ake sa hannu a lasisi, a Barkin Ladi ake zama da rami. A ganinmu, wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. Babban kamfani ya ajiye kuɗin cike rami kafin ya kafa diga, ba bayan ya kwashe ba.

Su kuwa matasan da ke shiga ramukan loto, wato ramukan kuza masu kama da rijiya, da igiya da tocila, yunwa ce ta tura su, kuma su ne ƙasa ke fara ruftawa a kansu. Bin su da sanda ba zai cike ko rami ɗaya ba. Kuzar da suke fitarwa tana bi ta hannun masu saye da ke da sikeli da shago da adireshi a Jos da Bukuru. A kan wannan sikelin ya kamata a yanki wani abu daga kowane kilo, a ajiye shi da sunan ƙauyen da aka haƙo ta, dagaci da mutanen gari su san nawa ya taru, su kuma nuna ramin da za a fara cikewa kafin damina.