Raspberry Pi ba allo ba kibod, ga yadda na shiga cikinta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ga ta nan a tafin hannuna, Raspberry Pi 4, girmanta kamar katin banki amma cikakkiyar kwamfuta ce, Linux take ɗauka, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Wata gidauniya ce a Kambirij ta Ingila ta fara fitar da ita a 2012 don yara su koyi rubuta manhaja, wannan samfurin nawa kuma a 2019 ya fito.

To ni a ɗakin nan laftof kawai gare ni, babu wani allo na daban, kuma wallahi ba a ma buƙatarsa. Aikin duk a kan katin memori yake ƙarewa tun kafin ka ba ta wuta. Ka sauke Raspberry Pi Imager a laftof, wato manhajar da ke rubuta tsarin a kan katin, ka zaɓi Raspberry Pi OS Lite, wato mai rubutu zalla, sannan don Allah kar ka yi gaggawa, tsaya ka cike saitin nan, sunan da za ka raɗa mata, sunanka da kalmar sirri, sunan wayafai, ka kuma kunna SSH, wato hanyar shiga cikinta daga wata kwamfutar, don a kashe yake zuwa. Da can kowa da suna pi da kalmar sirri raspberry yake shiga, tun Afrilun 2022 aka cire wannan, in ka ga tsohon bidiyo yana faɗin haka wuce kawai. Wajen zaɓen ƙasa kuma, mu da muke ƙasar waje, ka sa inda kake zaune yanzu ba inda ka baro ba, kowace ƙasa da tashoshin wayafai da ta amince da su.

Na sa kati, na jona. Kun ga jar fitilar nan, wuta ce, koriyar da ke ƙiftawa kuma katin take karantawa. Farkon tashi tana ɗan jimawa, ka yi haƙuri.

A laftof sai ka buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta ssh, sunanka, alamar @, sunan da ka raɗa mata, ka ƙara .local a ƙarshe. Za ta tambaye ka ko ka yarda da wannan na'urar, ka ce yes. Kalmar sirri ba za ta fito ba kana bugawa, ko tauraro ɗaya, haka abin yake, buga kawai.

Nan ne fa jiya na sha wahala, na gwada na sake gwadawa shiru, har na sake rubuta katin sau biyu, ashe wayafai ɗin ginin da nake haya ne ba ya barin na'urori su ga juna, kowa intanet kawai yake samu. Da na buɗe hotsifot a wayata na jona su duka biyun, nan take ta amsa. Abin ya min daɗi ba kaɗan ba. In kana da rauta naka, sa mata wayar Ethernet kai tsaye, ka duba lambar IP ɗinta, wato adireshinta, a shafin rautan, ka rubuta ta a madadin sunan nan mai .local, ya fi kwanciyar hankali.

Caja ma kar ka raina ta, Pi 4 bolt 5 amfiya 3 take so ta USB-C, in wutar ta gaza sai ka ga ta yi ta yankewa kana zargin manhaja. Yawancin fil guda 40 da ke jikinta kuma bolt 3.3 suke aiki da shi, ka kai musu 5 kana iya ƙona ta.

Yauwa, mun shiga. Don sabunta manhajojinta, rubuta sudo apt update, sai sudo apt full-upgrade, mu bar ta ta gama. In za ka kashe kar ka fizge waya, katin na iya lalacewa, rubuta sudo shutdown now ka jira koriyar ta daina ƙiftawa tukuna. A bidiyo na gaba za mu jona ƙaramar fitila a fil ɗin nan mu kunna ta da Python, yaren rubuta manhaja.