Kifin Teku da Wanda Yake Cin Sa

Assalamu alaikum. Jama'a, abu uku na zo da su kan manyan jiragen da ke kamun kifi can cikin teku. Na baya, kuna ji na? Madalla.

Na farko, ƙasar Peru. Suna da wani ɗan kifi, ancobeta, bai fi tsawon tafin hannu ba. Ruwan sanyi ne ke tasowa daga ƙasan teku da abincinsa, shi kuma ya yi ta hayayyafa. A 1970 Peru kaɗai ta kama wajen tan miliyan 12. Ku sake ji, tan miliyan 12! Kuma yawancinsa bai shiga tukunyar kowa ba. Jirgi zai kewaye garken da ƙatuwar raga, a tsuke gindinta kamar bakin jaka, a zuƙe kifin da famfo, sai tashar jiragen ruwa ta Chimbote. A dafa, a matse mai, a niƙa sauran gari. Garin wa? Kaji, aladu, da kifin kiwo. To a 1972 ruwan ya ɗumama, abin da ake kira El Nino, ga shi dama an kwashe iyayen, sai kifi ya yi ɓatan dabo. Masana'antu suka tsaya, tsuntsayen teku suka yi ta mutuwa.

Ba Peru kaɗai ba fa. Ku je Nuwadibu a Muritaniya, masana'antun gari ne a jere, suna niƙa irin kifin da matan Senegal ke ƙyafewa su sayar wa talaka. Wallahi wannan na ci mini rai. Abincin mutum, a niƙa a ba dabba!

Na biyu, wani babban kifin teku da ake kira tuna. Fiye da rabin wanda ake kamawa daga tekun Fasifik yake, wani da raga, wani da igiya mai dubban ƙugiyoyi. Na uku, dokar teku ta 1982, wadda ta ba kowace ƙasa da ke bakin teku iko da kifin da ke cikin mil 200 daga gaɓarta. 

Na'am Hajiya? A miƙa mata abin magana.

Tana tambaya, kifin ƙanƙarar da muke saya, taitus, daga ina? Hajiya, daga tekun Atlantika ta arewa, wajejen Norway. A can ake daskarar da shi, a sauke a Legas, mota mai sanyi ta hauro da shi. Shi ya sa da dala ta motsa, sai ki ji a kuɗin cefane. In za ki saya, danna shi da yatsa. In ya lotsa bai dawo ba, ya fara lalacewa, bar wa mai sayarwa kayansa.