Me ya sa bakinka ke komawa Turanci in an zo lissafi?

Ku lura da matashin da ya yi boko a Kano. Hira da Hausa, ciniki da Hausa, amma da an ce masa bakwai sau takwas nawa ne, sai ka ga leɓensa na motsi da Turanci. Takwaransa na Maraɗi kuma da Faransanci yake nasa.

Dalilin shi ne jadawalin ninkawa hadda ce. Da baki aka rera shi a aji, ƙwaƙwalwa ta adana shi da kalmomin harshen da aka rera shi.

A 1999, masu bincike Stanislas Dehaene da Elizabeth Spelke da abokan aikinsu sun gwada ɗalibai masu jin Rashanci da Turanci. Aka koya wa kowa tara lambobi da harshe ɗaya, sannan aka yi masa tambaya da harsunan biyu. In ainihin amsa ake nema, sai ɗalibi ya yi jinkiri a harshen da ba a koya masa da shi ba. In kuwa kintace ne, wato wace lamba ce ta fi kusa, jinkirin ba ya bayyana. Kintace bai dogara da harshe ba.

Tsawon kalma ma yana da tasiri. Abin da mutum ke riƙewa a ka na ɗan lokaci bai wuce abin da zai furta cikin kamar daƙiƙa biyu ba. A 1980, masu bincike Ellis da Hennelly sun gano masu jin Turanci da harshen Wales (wani yanki na Birtaniya) sun fi riƙe jerin lambobi da Turanci, don sunayen lambobin harshen Wales sun fi ɗaukar lokaci a baki. Mutum ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, sakamako biyu.

Shi ya sa maganar nan ta "ni ba ni da kan lissafi" ba ta cika gamsar da ni ba. Je kasuwar Damagaram. Da dala ake ciniki, kowace dala sefa biyar ce. Mai tumatir ta ce dala ashirin, ɗalibi ya miƙa mata sefa ɗari ba tare da ya tsaya tunani ba. Ninkawa da biyar ya yi, a tsaye, cikin hayaniya. Gobe a aji a kawo masa wannan tambaya da Faransanci, ya yi zuru.