Me Ya Sa Fatar Ɗan Kokowarka Ta Yi Furu-furu?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga Damagaram. Makon nan hotuna sun yi ta shigo mini ta WhatsApp, kuma kukan duk iri ɗaya ne. Mutum ya ɓata yini guda yana fenta ɗan mutum-mutuminsa, ɗan kokowa ne, ko mai raƙumi, ko ƴan mutanen nan da ɗalibai ke jerawa a gaban maket, wato ɗan ƙaramin samfurin gini, sai fatar ta fito kamar ta wanda ya kwana a murhu. Ga ɗaya nan, mai shi ya yarda in nuna. Ku dubi goshin. Hunturu ya gama da bawan Allah, a taimaka masa da man kaɗanya.

Abin da kowa ya sani ba zan daɗe a kansa ba. A wanke da sabulu, ya bushe, a yi shafen farko siriri. Ga shi, an wuce.

Wannan da ke hannuna ma'aunin 1/35 ne, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa a duniya. Mutum mai tsawon santimita 175 ya dawo santimita 5, kansa bai wuce ƙwayar wake ba. Kwalbar nan kuma da aka rubuta wa launin fata, kamar XF-15 tasu, ku ajiye ta gefe, fatar Bature ake nufi. Ko Crayola ta Amurka, mai yin alƙaluman launi na yara, tun 1962 ta sauya wa irin wannan launi suna. Mu haɗa namu: ɗigo biyu na ruwan ƙasa mai duhu, ɗigo ɗaya na mai ja-ja, wanda ya ci sunan garin Siyena na Italiya. A tsinka da ruwa, shafi biyu.

To, a gyara zama, ga inda ake faɗuwa.

Kana son goshi da karan hanci da kumatu su yi haske, sai hankalinka ya ce maka zuba fari. Bari in zuba ku gani. Ɗigo ɗaya. Kun ga abin da ya faru? Ya yi haske, gaskiya ne, amma ya koma ruwan toka. Ruwan ƙasa asalinsa ruwan goro ne da aka dusashe. Farin fenti kuwa, wanda akasari da sinadarin titaniyom ake yinsa, yana da ƙarfin rufewa, sai ya shanye ɗan jan da rawayar da suka rage, ya bar maka toka zalla. A jikin mutum kuma wannan launi ba ya fitowa sai fata ta bushe ta yi kaushi, shi ya sa ido ke ganewa nan take.

Yanzu ga na biyu. Launin farko ne dai, amma na sa masa ruwan goro kaɗan, kan buroshi kawai. Ku kwatanta su gefe da gefe. Wannan da jini a jikinsa. In ƙara rawaya mai ƙasa-ƙasa, mataki na gaba ke nan. Kowane mataki wurinsa ya fi na baya ƙanƙanta: na farko rabin goshi, na biyu tsakiyarsa, na uku ɗigo. Ga wankan tarwaɗa rawayar za a fifita, ga wanda ya fi duhu jan za a fifita. Kuma in ka yi hasken ya yi faɗi, ka sauya wa mutum launi gaba ɗaya, ka yi masa bilicin ba da yardarsa ba.

Inuwa ma haka. Baƙin fenti a kan ruwan ƙasa mai rawaya kan ja shi zuwa kore-kore, kamar ruwan kududdufi. Ni shuɗi mai duhu nake ɗigawa, ko shunayya, a ƙarƙashin haɓa, kwarmin ido, da hammata. Wasu sun fi son ja mai duhu. Ban hana ba, amma a ganina yakan yi kama da ƙuna.

Sai mun jira ya bushe, kuma ba abin kallo a nan, to bari in ba ku labari. Na farkon da na taɓa yi, da farin nan na yi shi, na kai wa kakata ina ta washe baki. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce, "Kai ɗan nan, wannan jinya ya tashi?" Shekara nawa yanzu, ban manta ba. Af, tun da ana maganar bushewa: a iskar garin nan fentin akirilik, irin wannan da ake tsinkawa da ruwa, kan daskare a kan buroshi kafin ka kai shi fuska. Ka sami murfin roba, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso, ka ɗora takardar da masu gasa kek ke sawa, a kanta za ka dama fenti.

To ƙyallin fa? In ka je filin kokowa ka dubi kafaɗar ɗan wasa da rana, walƙiyar da kake gani hasken sama ne ke dawowa daga gumi, launin fatar yana nan yadda yake. Saboda haka a feshe jikin duka da ruwan kariya marar ƙyalli, sannan a taɓa mai ɗan sheƙi a goshi, kafaɗa da ƙirji kawai.

Tafin hannu da na ƙafa a yi su da haske, da ɗan ja. Ido kuwa a wannan ma'auni bai kai milimita ɗaya ba, kar a sa masa fari tas, sai ya zama kamar ya ga aljani. Siririn layi mai duhu da tsinken sakace ya isa.

Ga su nan biyu a bakin taga, mai fari a hagu, mai ruwan goro a dama. Bari in juya su a hankali.