Biki a lambu: hoto ya yi kyau, amma su Gwaggo fa?

Maijidda: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa, ni ce Maijidda, ga Anti Hajara ga kuma Sadiq. Yau maganar wannan yayin za mu yi na barin hol a cikin gari a kwashi jama'a a yi bayan gari cikin lambu, wai a can za a yi kamu ko walima.

Sadiq: Ni dai tun kafin Anti ta buɗe baki ina bayansa. Hol ɗin nan fa kuɗi za ka zuba a yi maka ado da furen roba, ga zafi in janareto ya yi tari, ga wasu masu bikin suna jiran ka fita su shiga. A lambu kuwa bishiya ta gaske ce, inuwa kyauta.

Anti Hajara: Kyauta in ji wa? Ɗan nan ka taɓa kai mutum ɗari uku daji ka ciyar da su?

Sadiq: Ba daji ba ne Anti, lambu.

Anti Hajara: Toh naji. Bara ƴar ƙanwata ta kafe ita sai lambu, wajen Bunkure, can inda ruwan dam ɗin Tiga yake bi ta kanal. Kuma wallahi ba zan yi ƙarya ba wurin ya haɗu, watan Janairu ne ko'ina a Kano ya bushe ƙurmus amma can kore shar, ga tumatir ga albasa ga alkama sai kaɗawa take, ni kaina sai da na ce Allah ya jiƙan Audu Bako, dam ɗin da aka gama tun 1974 har yau ana cin moriyarsa.

Maijidda: Kinga kenan Sadiq ya yi gaskiya.

Anti Hajara: Tsaya mana ban gama ba. Ɗaurin aure dai an yi shi a masallacin unguwa bayan Juma'a, waliyyai sun yi nasu an raba goro da alawa, wannan ba wanda ya isa ya ɗauke shi ya kai gona. Washegari ne aka ce mata su fito a tafi wuni. Bas biyu aka ɗauko. Bas biyu, Maijidda! Dangin uwa kaɗai sun cika ɗaya da rabi, ga maƙwabta sun ci anko tun safe suna ƙofar gida, wa za ki kalli idonsa ki ce ba wuri? Gwaggonmu da ƙafa ke damunta ta ce ita ba za ta iya zaman mota sama da awa ɗaya ba, haka aka bar ta a gida, kuma ita ce ta saka wa amaryar lalle.

Sadiq: Amma Anti ai wasu dalilin kenan ma da ya sa suke tafiya nesa, don a rage cinkoso, a san adadin da za a dafa wa.

Anti Hajara: Hahaha a rage! Kai kana zaton ƙauye ba mutane? Ana kunna sifika yaran garin suka cika bakin shinge, can sai ga matan suma da mayafansu sun zo taya murna, kuma gaskiyarsu ce, a bakin gonarsu ka zo ka kafa rumfa kana kiɗa. Sa'ar da muka ci mijin ƙanwata mai hankali ne, tun ana saura sati ya je ya gaida mai unguwa ya kai goro, ya sa aka ɗora tukunyar shinkafa daban ta mutanen gari. Su ne ma suka tura mana bas ɗaya da ta kafe a yashi da za mu taho.

Maijidda: Ni abin da ya fi damuna lokaci ne. Damina dai a cire ta, musamman Agusta, hadari ɗaya zai taso ya yi sama da kanofi da gwaggwaron mutane, hanya kuma ta zama caɓi. Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kwalliyar amarya sai ta narke kafin mai hoto ya saita kyamara, ga mangwaro ya nuna ƙudaje sun yi sallama.

Sadiq: Saura hunturu kenan.

Maijidda: Shi ma da hazo da ƙura, kuma a Disamba shida da ƴan mintuna an kira magariba, mu kuma in an ce biyu sai huɗu ake haɗuwa, toh yaushe aka zauna yaushe aka tashi, kuma ba mai son dare ya yi masa a hanya da mata da yara yadda zamani ya zama. Ni na fi ganin ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke ganye bai gama bushewa ba.

Anti Hajara: Kuma don Allah duk mai niyya ya fara tambayar banɗaki kafin ya tambayi fure. Mu guda ɗaya muka tarar, layi har gindin gwaiba. Butoci, tabarmin sallah, ruwan alwala a jarka, waɗannan ba sa fitowa a hoton Instagram amma su za a yi ta tsegumi a kai.

Maijidda: Da takalmi mai tsini! Ƙawayen amarya suna tafiya yana nutsewa kamar masu shuka gyaɗa.

Sadiq: Toh ni ga tawa dabarar, kamu da wuni da kai amarya duk a yi su a gida inda su Gwaggo za su zauna su miƙe ƙafa, bayan an watse da kwana biyu sai mu ɗauki abokai kamar talatin mu je lambun, a gasa rago a yi hotuna a dawo kafin la'asar sakaliya.

Anti Hajara: Mu? Au har an sa rana ba mu sani ba?

Sadiq: Misali nake Anti.

Maijidda: Masu sauraro kun ji da kunnenku. Sadiq wace unguwa ce?

Sadiq: A kashe makirufo ɗin nan don Allah.

Anti Hajara: Ni dai a cikin talatin ɗin ka rubuta ni, kuma gaban mota zan zauna.