Mai Murɗa Balan-balan: Aikin da Ke Bayan Karen Roba na Minti Ɗaya

Masu kallo, ku dubi hannayen mutumin nan da kyau. Ya zaro wani siririn balan-balan daga aljihun rigarsa, ya hura shi da famfo, ya ƙulle bakinsa, sannan ya shiga murɗa shi gaɓa-gaɓa kamar karan rake, kuma kafin minti ɗaya ya cika sai ga kare mai kunnuwa da ƙafafu da wutsiya a hannun yarinyar da ke tsaye a gabansa. A ƙasashe irin su Amurka da Ingila wannan sana'a ce da mutane da dama suke yi a gefe, wato mutum yana da aikinsa na ofis ko na koyarwa ko karatunsa na jami'a daga Litinin zuwa Juma'a, idan Asabar ta kewayo kuma sai ya rataya jakarsa ya nufi wuraren bukukuwan yara. Irin wannan mutum za mu bi a yau, kuma za ku ga cewa murɗawar da ke burge jama'a ita ce mafi sauƙi a cikin duk abin da yake yi.

Bari mu fara da kayan aikin. Wannan balan-balan ba irin mai kewaye ba ne da yara suke saye a garuruwanmu lokacin bikin Sallah. Dogo ne siriri, kuma masu sana'ar suna kiransa da lamba, wato 260, domin idan an hura shi ya cika kaurinsa inci 2 ne, tsawonsa kuma inci 60, kimanin mita ɗaya da rabi ke nan. Akwai 160 wanda ya fi shi siranta, ana amfani da shi wajen ƙananan ado kamar gashin baki ko karan fure, akwai kuma 350 da 646 masu kauri domin manyan siffofi. Ana yin su da ruwan itacen roba, wanda ƙasashen Tailan da Indunisiya suke kan gaba wajen nomansa, kuma tarihin balan-balan na roba yana komawa ga masanin kimiyya Michael Faraday, wanda ya haɗa shi a birnin Landan a shekarar 1824 domin gwaje-gwajensa na iskar haidirojin. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, mai murɗawa ba ya amfani da iskar da ke sa balan-balan tashi sama, iskar da muke shaƙa kawai yake cusa masa.

Darasin farko da kowane sabon shiga yake koya, sau da yawa bayan ya fasa guda ashirin ko talatin a ɗakinsa, shi ne kada ya cika balan-balan har ƙarshe. Dole ne a bar wutsiya wadda iska ba ta shiga ba, saboda duk murɗawa ɗaya tana tura iska zuwa baya, idan kuwa babu inda iskar za ta je sai robar ta ɗaure ta fashe. Siffar da ke da gaɓoɓi da yawa tana buƙatar doguwar wutsiya. Kafin a ƙulle baki kuma ana ɗan sassauta yatsu a saki iska kaɗan domin jikin ya yi laushi. Daga nan sai a fara daga wajen ƙullin, a riƙa juyawa ta ɓangare ɗaya kullum, a kuma riƙe gaɓar farko da ta ƙarshe da yatsu har sai an sarƙe su, in ba haka ba duk aikin zai warware a gaban jama'a. Karen da kuka gani gaɓoɓi goma ne: hanci da kunnuwa biyu, wuya da ƙafafun gaba, gangar jiki da ƙafafun baya, sai wutsiya. Wanda ya iya shi ya riga ya iya raƙumin dawa, domin tsawaita wuya kawai zai yi, ya kuma iya zomo idan ya tsawaita kunnuwa.

Ana iya koyon wannan a cikin mako ɗaya daga bidiyoyin YouTube. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne yin sa da sauri, ba tare da kallon hannu ba, ana hira da yaro, ana amsa tambayar uwarsa, ana kuma lura da wani yaron da ke ƙoƙarin zura hannu cikin jaka.

Ga wanda yake yin sana'ar a gefe, aikin Asabar tun daren Alhamis ko Juma'a yake farawa, bayan ya dawo daga wurin aikinsa a gajiye. A lokacin ne yake zama ya rarraba balan-balan launi-launi, ya jera su cikin aljihunan rigar aikinsa bakinsu yana sama domin ya iya zaro wanda yake so ba tare da dube-dube ba, ya duba ko alƙalamin da yake zana idanu da shi bai bushe ba, ya sa batirin famfo a caji, ya kuma amsa saƙonnin iyaye masu tambayar farashi. Yawancin waɗannan saƙonni da rana suke shigowa, lokacin da yake bakin aikinsa na albashi, kuma wanda ya jinkirta amsa har dare yakan tarar an riga an ɗauki wani. A nan ne cikakken mai sana'a yake fin na gefe, ba a gwanintar hannu ba.

Wuraren aikin iri-iri ne, kowanne da halinsa. Bikin zagayowar ranar haihuwa ya fi daɗi, saboda an san adadin yaran tun farko, an yi ciniki a kan awa, kuma akwai sararin yin abu mai kyau kamar hular sarauta ko dorinar ruwa da balan-balan uku ko huɗu. Akwai kuma gidajen cin abinci, musamman a Amurka, inda wasu suke keɓe dare ɗaya a mako domin iyalai, mai murɗawa ya riƙa zagayawa daga tebur zuwa tebur yayin da ake jiran abinci. A irin wannan wuri wasu ana biyan su ɗan abu kaɗan, wasu kuwa tukuici ne kaɗai abin dogaronsu, saboda haka daren da aka yi ruwa ko ake wani babban wasa a talabijin yana iya komawa gida da abin da bai wuce kuɗin mai ba. Duk da haka da yawa suna riƙe da gidajen abincin, domin a nan ne iyaye suke ganin aikinsu su karɓi lambar waya.

Mafi wuya shi ne babban taro, kamar baje koli ko bikin makaranta, inda mai shirya taron ya riga ya biya, yara kuma suna karɓa kyauta. A nan layi ne babban abokin gaba. Mu yi lissafi: idan kowane yaro yana cin minti biyu, awa ɗaya ba za ta ɗauki fiye da yara 30 ba, idan kuwa yara 60 ne a tsaye, na ƙarshensu zai jira awa biyu a kan ƙafafunsa, iyayensa suna huci. Saboda haka ƙwararru suke rataya allo mai hotunan abubuwa shida ko takwas da za a zaɓa daga ciki, domin yaron da aka ce masa ya faɗi duk abin da yake so zai iya shafe minti uku yana tunani, daga ƙarshe ya nemi abin da sai an yi kwata ana haɗa shi. Rufe layin kuma fasaha ce mai zaman kanta. Idan saura rabin awa a tashi, mai murɗawa yakan je wurin wanda yake ƙarshe ya ɗora masa babbar hula ko ya ba shi kwali mai rubutu cewa daga kansa an rufe, amma ko da haka sai an sami uba ya zo da ɗansa yana kuka yana roƙon a yi masa guda ɗaya tak. Idan ya yarda, mutum biyar za su biyo baya, ga shi kuma wani bikin yana jiransa a wata unguwa. Idan ya ƙi, shi ne marar tausayi a idon duk wanda ke wurin. A ganina wannan ne wurin da ake gane wanda zai daɗe a sana'ar, domin cewa a'a ga yaro cikin fara'a ba kowa ne yake iyawa ba.

Ita kanta robar ba ta da haƙuri. Rana da zafi suna cinye ta, shi ya sa balan-balan da ke sheƙi da safe yakan dusashe kafin azahar idan a fili yake, kuma jakar da aka manta a bayan mota da rana tana iya lalacewa gaba ɗaya. Sanyi mai tsanani yana sa ta taurare ta tsage wajen hurawa. Tsinin ciyawa yana fasa ta nan take, don haka a bikin da ake yi a lambu, takobin da aka miƙa wa yaro yakan dawo bayan minti biyar a matsayin tsumma, mai shi kuma yana hawaye yana neman a gyara. Yawancin masu sana'ar suna yin gyaran kyauta, amma kowane gyara lokaci ne da aka ɗauke daga wanda ke kan layi.

Akwai abin da ya fi fashewa muhimmanci, wato lafiyar yaran. Gutsuren balan-balan da ya fashe, ko wanda ba a hura ba, yana iya mannewa a maƙogwaron yaro ya toshe numfashinsa, kuma ciro shi yana da wuya saboda yadda yake lanƙwasa ya bi siffar maƙogwaro. A Amurka dokar kare lafiyar yara ta shekarar 1994 ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin leda cewa akwai haɗarin shaƙewa ga yara 'yan ƙasa da shekara 8. Saboda haka mai murɗawa mai hankali ba ya miƙa balan-balan a hannun jariri, iyayen yake ba, kuma duk wanda ya fashe yana durƙusawa ya tsince gutsattsarinsa ya sa a aljihu. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya jituwa da ruwan roba, taɓa shi kawai yana jawo musu ƙaiƙayi da kumburi, wasu har numfashinsu ya sarƙe, wanda hakan ya sa asibitoci da makarantu da yawa suka hana shiga da irin wannan balan-balan.

Jikin mai aikin ma yana biyan nasa kason. Ƙulli ɗari biyu a yini yana goge fatar gefen farce har ta tsage, hodar da ke jikin roba tana busar da hannu, ga tsayuwar awanni da yawan durƙuso domin a yi daidai da tsawon yara. Hura 260 da baki yana buƙatar ƙarfin da yakan sa jiri, kuma idan ya fashe kusa da fuska ido ne ke cikin haɗari, shi ya sa famfo ya zama abin dogaro, musamman tun bayan annobar korona ta 2020, wadda ta tsayar da bukukuwa cak na tsawon watanni, ta kuma sa iyaye suka daina son ganin an sa baki a abin da za a miƙa wa ɗansu.

Yanzu sai maganar kuɗi, inda mafi yawan saɓani yake. Mai biki yakan duba farashin ledar balan-balan ɗari a kanti, ya ga ba wani abu ba ne, sai ya yi mamakin abin da aka nema a kan awa ɗaya. Bai sa a lissafi ba cewa awa ɗayan nan tana tafe da awa biyu na tuƙi, da daren shiri, da watannin gwaji, da kayan da suka fashe. Wasu kuma kai tsaye suke neman a yi musu kyauta, da hujjar cewa jama'a za su ga aikin. A watan Nuwamba na 2013 an sayar da wani mutum-mutumin ƙarfe mai siffar karen balan-balan, aikin mai fasahar sassaƙa Jeff Koons, a kan dala miliyan 58.4 a gidan gwanjon Christie's da ke birnin New York, alhali ainihin karen da aka kwaikwaya ana miƙa shi a gidan abinci a kan tukuicin dala ɗaya ko biyu.

Hukuma kuma ba ta ɗauki abin a matsayin wasa ba. A Amurka duk wanda ribarsa daga aikin kansa ta kai dala 400 a shekara sai ya biya harajin masu zaman kansu na kashi 15.3 cikin ɗari, ban da harajin kuɗin shiga. A Birtaniya idan abin da mutum ya samu daga sana'ar gefe ya haura fam 1,000 a shekara dole ne ya yi rajista da hukumar haraji. Makarantu da manyan ɗakunan taro sukan nemi takardar inshora kafin su bari a shiga, a Ingila kuma ana yawan tambayar takardar binciken DBS, wadda ke nuna ko mutum yana da tarihin aikata laifi. Wanda yake yin biki biyu a wata yana biyan kuɗin inshora da na takardun nan kusan daidai da wanda yake yin ashirin, saboda haka uwar kuɗinsa ta fi jinkirin dawowa. Shi ya sa karɓar kafin alƙalami ya zama dole a gare shi, domin ƙarshen mako huɗu ko biyar kawai yake da su a wata, kuma idan aka soke biki ana gobe, ranar ta tafi ke nan.

Ko samun kayan bai da tabbas. Shekaru da yawa masu sana'ar sun dogara da Qualatex, wanda kamfanin Pioneer na birnin Wichita a jihar Kansas yake yi a lokacin, har lambar 260Q ta zama kamar sunan balan-balan ɗin kansa. Da kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashi a shekarar 2023, da yawa sun koma ga Sempertex na ƙasar Kolombiya ko Gemar na Italiya, kuma sai da suka sake saba hannunsu, domin kowane kamfani da irin taurin robarsa da yadda take miƙewa, kuma wutsiyar da ta isa a wannan ba lallai ta isa a wancan ba.

Ga mutuminmu nan da yammacin Lahadi, ya gama biki na uku a cikin kwana biyu. Yana zazzage aljihunsa a kwandon shara, gutsattsarin ja da shuɗi da kore suna zuba, sannan ya shigar da sauran kayan cikin gida ya ajiye su a wuri mai duhu da sanyi domin kada zafin mota ya cinye su. Zai shafa mai a yatsunsa, ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a littafinsa, ya yi odar farare da baƙaƙe domin su ne suka fi saurin ƙarewa, kuma ƙarfe takwas na safiyar Litinin yana kan teburinsa a ofis.