Baba Fasto, Ka Kalli Fim Ɗin Kafin Ka Yanke Hukunci?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau daga Zuru ya taso, kuma ba zan ɓoye muku ba, da ɓacin rai na rubuta shi.

Makonni biyu da suka wuce an yi taron falkaswa na kwana uku a wata ikkilisiya cikin garin, ni ma ina wurin. A daren ƙarshe baƙon mai wa'azi ya ajiye Littafi Mai Tsarki a kan bagade, ya zaro waya daga aljihu, ya shiga karanto sunayen fina-finai ɗaya bayan ɗaya: na Kudu, na Indiya da ake juyawa zuwa Hausa, har da na zane da yara ke kallo. Ya ce duk gidan da aka kalli ɗaya daga cikinsu an buɗe wa aljanu ƙofa. Jama'a suka amsa da amin. Daga nan ya tambaya ko akwai mai sana'ar tura fim a waya a cikin taron. Idanu suka koma kan wani saurayi a layin mawaƙa, mai ɗan shagon caji da tura fina-finai a gefen kasuwa. Aka ce ya miƙe. Ya miƙe riƙe da littafin waƙoƙi, kansa a sunkuye. Mahaifiyarsa tana zaune cikin matan zumunta, ta ja gefen ɗankwalinta ta rufe fuska. Kafin Lahadi ta zagayo dattawa sun sa shi a horo: ba waƙa, ba Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙon da masu bi ke yi don tunawa da mutuwar Yesu.

Bayan an tashi na sami mai wa'azin a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, cikin fina-finan nan da ka lissafa, wanne ka kalla?" Ya ce, "Ɗana, Allah ya tsare idona daga kallon ƙazanta." Na ce, "To Baba, ina aka samo sunayen?" Ya ce wani ɗan'uwa ne ya turo masa a WhatsApp.

Bai kalla ba. Ko ɗaya bai kalla ba. Wanda ya turo masa ma wani ne ya turo masa. A kan wannan ji-ta-ji-ta aka tsayar da ɗan mutane gaban ɗaruruwan jama'a, aka kunyata uwarsa, aka hana shi teburin Ubangiji. Abin da ya hana ni barci ke nan.

Tun daga ranar maganar ba ta mutu ba a tsakanin Kiristocin ƙasar Zuru. Wani ya ɗauki muryar wa'azin a waya, ta zagaya har Dabai da Ribah da Mahuta, ta kai Birnin Kebbi. Iyaye da yawa sun ji daɗi, suka ce dama an daɗe ana jiran wanda zai faɗa. Wata dattijuwa a zumuntar mata ta ce mini, "Ɗana, jikokina ba sa ko gaishe ni in suna kan wayar nan, bari a tsorata su." Na fahimce ta, ba kuma zan raina damuwarta ba. Matasa kuwa akasarinsu ba su yi musu da kowa ba. Sun ce amin a coci, sun koma gida sun sa abin sauraro a kunne, sun ja bargo. Har wani mai irin wannan shago a wata unguwa ya shaida mini cewa a makon nan yara suna zuwa suna cewa a tura musu "waɗanda Fasto ya hana". Waɗanda ba su taɓa jin sunayen ba, a bakin mai wa'azi suka fara ji.

Wannan kuwa ba sabon abu ba ne. A 2006, da aka fito da fim ɗin The Da Vinci Code, manyan malaman Katolika har daga fadar Paparoma sun yi kira a ƙaurace masa, fim ɗin kuma ya tara sama da dala miliyan 750 a duniya. Su ma ɗin sun karanta littafin da aka ciro fim ɗin daga ciki, sun san abin da suke suka, suna iya nuna maka inda aka yi wa tarihin ikkilisiya ƙarya. Namu fa? Ko wannan wahalar ba mu sha ba.

Na nemi ɗaya daga cikin fina-finan da aka lissafa, na zauna na kalle shi daga farko har ƙarshe. A hoton tallansa akwai ƙwarya da jan ƙyalle da wani mutum mai farar ƙasa a fuska, kuma na tabbata wannan hoton kaɗai aka gani aka yanke hukunci. Labarin kuwa na wata mata ce da ta yi shekaru ba haihuwa, dangin miji suka matsa mata ta je wurin boka, ta ƙi. Ƙanin mijin da ya je neman kuɗi ta wannan hanya ya ƙare yana tsince-tsince a bola. Wa'azi ne sukutum, irin wanda shi kansa baƙon namu zai so ya yi. Da ya kalla da ya sani.

Duk wanda ya san yadda fina-finan Kudu suka faro ya san haka yawancinsu suke. Living in Bondage, na harshen Ibo, wanda ya fito a 1992 ake kuma ɗaukarsa a matsayin mafarin wannan kasuwa, labarin mutum ne da ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, ya haukace, a ƙarshe masu bi suka yi masa addu'a ya sami kuɓuta. Ƙungiyar Mount Zion da Mike Bamiloye ya kafa a 1985 ta cika fina-finanta da bokaye da mayu, ba don a yi sha'awarsu ba, don a nuna faɗuwarsu. In hoton ƙwarya da jan ƙyalle ya isa hujja, to su ma sai a sa su a horo.

Na san amsar da za a ba ni, don an riga an ba ni ita: wai ba sai ka sha guba kafin ka san guba ce ba. Wannan magana ba ta da ƙafa. Kafin a rubuta "guba" a jikin kwalba, akwai wanda ya auna abin da ke ciki. Wa ya auna a nan? Wanda ya tura saƙon? Wa ya san shi? In Baba Fasto yana ganin idonsa bai kamata ya gani ba, to bakinsa ma bai kamata ya yi shaida ba. Ya wakilta dattawa biyu masu hankali su kalla su kawo masa rahoto. Hausawa sun ce gani ya kori ji, Littafin da yake riƙe da shi kuma ya fi Hausawa tsanani a kan wannan. Fitowa 20:16 ta hana shaidar zur a kan maƙwabci. Karin Magana 18:13 ta kira mai amsa magana tun bai ji ta ba da wauta da abin kunya. A Yohanna 7:51 Nikodimu ya tambayi 'yan majalisa ko shari'arsu tana hukunta mutum tun ba a saurare shi ba. Ba wanda ya saurari yaron nan. Ba wanda ya tambaye shi me ke cikin kwamfutarsa, me yake turawa, me yake ƙin turawa. Matiyu 18:15 ta ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka fara samunsa ku biyu kaɗai. An tsallake wannan gaba ɗaya, aka fara da inda ya kamata a ƙare.

Kada wani ya ce ina wanke fina-finai. Akwai na banza, da yawa ma. Akwai waɗanda ba zan yarda 'yata ta kalla ba ko da ina zaune kusa da ita, akwai masu koya wa yaro cewa mai kuɗi shi ne mutum ko ta yaya ya samu. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa alamar shekaru a kan fim, amma abin da ke yawo daga memori zuwa memori ba ya bi ta teburinta. Ban kuma da tabbacin cewa kowane mai shago yana tambayar shekarun yaro kafin ya tura masa abu. Wataƙila saurayin nan ma yana da nasa sakacin. To a bincika, a gano, a faɗa masa. Abin da na ƙi shi ne a haɗa mai kyau da marar kyau a buhu ɗaya saboda ba wanda ya buɗe buhun. Ranar da yaro ya kalli ɗaya daga cikin jerin ya ga babu abin da aka faɗa a ciki, daga ranar ya daina yarda da sauran gargaɗin, har da na gaskiya. Wannan ita ce asarar da ta fi ba ni tsoro, don gobe za a gargaɗe shi a kan ƙwaya ko caca ta waya, ya ce ai haka aka ce a kan fim.

'Yan'uwanmu Musulmi sun riga mu bin wannan hanya. Kano ta kafa hukumar tace fina-finanta a 2001. A 2016 malamai suka yi ca a kan shirin gina alƙaryar fim a Kofa har gwamnatin tarayya ta janye. Fim bai tsaya ba, ya koma YouTube da wayoyin hannu, inda ya fi wuyar sa wa ido. Da ikon gwamnati ma abin bai tsayu ba, balle da saƙon WhatsApp da ba a san mafarinsa ba.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne mun manta ta inda muka biyo. Ina yaro masu bishara suka zo ƙauyenmu da majigi. Suka kafa sanduna biyu a filin makaranta, suka ɗaura farin zane, janareto yana ta ƙara a bayan aji. Fim ɗin rayuwar Yesu ne, wanda aka yi a 1979 daga Bisharar Luka, aka juya shi zuwa Hausa. Mutane suka cika gaba da bayan zanen, masu kujera da masu tabarma, Kirista da Musulmi da masu bin al'adar gargajiya. Da aka zo wurin gicciye na ji kakata tana sheshsheƙa a bayana. Bayan an kashe majigin mai bisharar bai tafi ba, ya zauna a kan benci yana amsa tambayoyi har dare ya raba. Ya kalli abin da ya nuna mana, ya san shi ciki da waje, shi ya sa ya iya amsawa. Haka Manzo Bulus ya yi a Atina: ya zaga birnin, ya karanta abin da aka rubuta a kan bagadensu, ya kawo musu maganar mawaƙansu, sannan ya yi wa'azi. Yana cikin Ayyukan Manzanni sura 17. Bulus ya duba kafin ya buɗe baki. Mu wane ne da za mu fi ƙarfin dubawa?

Kuma a wace ƙasa ake wannan? A masarautar da mutanen Danko-Wasagu da Sakaba suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, a jihar da aka kwashe ɗalibai daga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021. Saurayin da ya sami janareto da allon caji yana ciyar da uwarsa da ƙannensa, bai shiga daji ba, bai shiga shaye-shaye ba, yana zuwa koyon waƙa duk mako, shi muka ga ya dace mu tsayar. An bar jaki ana dukan taiki.

Saboda haka ina magana da dattawan wannan ikkilisiya kai tsaye, cikin ladabi, don iyayena ne. Baba-baba, baƙon ya koma garinsu, ku kuka rage da yaron. Ku karɓi jerin nan, ku raba shi a tsakaninku, kowa ya kalli biyu ko uku. Ku sa Mama shugabar zumunta a ciki, ku sa malamin makarantar Lahadi. Wanda kuka ga ɓarna a cikinsa ku faɗi sunansa, ku faɗi abin da kuka gani da idonku, ni ma zan maimaita shi a wannan tasha ba tare da jin nauyin kowa ba. Ku je shagon, ku zauna da saurayin, ku ji ta bakinsa. In kun same shi da laifi ku hore shi a kan laifin da kuka tabbatar. In ba ku samu ba, a gaban jama'a aka sa shi ya miƙe, don haka a gaban jama'ar nan za ku kira sunansa ranar Lahadi ku mayar da shi layin mawaƙa, mahaifiyarsa tana zaune tana gani.